Kilo Biyar

Likitan Shika ya ɗaga hoton bayana ga haske,
ƙasusuwa jere kamar carbi.
Ya sa bakin biro a kan ɗaya, ya ce,
“Ga inda ya zame, Barau.”
Sai ya rubuta layi biyu, ya buga hatimi:
ya koma aiki, amma mara nauyi,
kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo biyar.

Shekara goma sha ɗaya ina sauke waken suya
a kamfanin mai da ke Dakace,
buhu mai kilo ɗari, daga tirela zuwa sito.
Ba wanda ya taɓa tambayar gadon bayana nawa yake iyawa,
sai ranar da ya ba da amsa da kansa,
wata Laraba, da buhu a kaina.

Yanzu an ba ni benci a bakin ƙofa,
da littafi mai jan bango.
Mota ta shigo, in rubuta lambarta.
Mota ta fita, in rubuta lambarta.
Direbobin da na saba sauke wa kaya
sukan leƙo su ce, “Ka zama akawu!”
In yi musu dariya,
dariyar ma sai ta ratsa ta ƙugu kafin ta fito.

Iliya na ƙungiya ya ja ni inuwar dalbejiya,
ya ƙirga min dokokin da yatsunsa:
“Kada ka ƙi aikin da suka ba ka,
in ka ƙi, diyya ta tsaya.
Kada ka wuce abin da takarda ta ce,
in ka wuce, a ce ka warke.
Kada ka sa hannu a abin da ban karanta ba.”
Na ce to, ni ina zan tsaya?
Ya ce, “Ba tsayawa za ka yi ba. Zauna.”

Wata ya ƙare, albashi ya zo a rame,
ba obataim, ba kuɗin dare, ba na lodi.
Cikon da aka ce asusun diyya zai biya
yana Kaduna, cikin wani fayil.
Madam Rifkatu ta ofis ta ce fom ya tafi,
sai dai a ƙara hoto biyu,
sai dai a dawo Litinin.
Ladidi ta daina sayen masara da tiya,
ta koma gwangwani,
ba ta ce min komai ba,
a tuwo na gani.

Jiya buhu ya faɗo daga mota, dab da bencina.
Heluma Sallau ya ce,
“Kama min kunnensa kawai.”
Wallahi hannuna ya riga ni tashi,
ya san aikinsa kamar yadda jaki ya san hanyar gida.
Na kamo shi, na cusa a aljihu.
Yaran lodi suka sunkuyar da kai.
Sallau ya ja tsaki, ya kira wani.
Ashe zama ma dako ne.

Da yamma na sauka Tudun Jukun.
Hajjo ta ji tarina daga zaure,
ta rugo da hannuwa sama
kamar yadda ta saba.
An auna ta ranar rigakafi,
kilo goma sha ɗaya.
Na dafa bango na sauka a hankali
har na kai tabarma,
ita ta hau ni da kanta,
tana mamakin wannan sabon wasa.

Ran Talata zan koma Shika.
Ba zan roƙi likita ya mayar min da ɗari ba.
Shida kawai nake so ya ƙara.